Zumunta A Ƙafa Take, To Wa Ke Ƙirga Kawuna?

Duk shekara, da zarar an gama yankan dawa an kai amfani rumbu, iskar hunturu ta fara busar da leɓe, sai ƙauyukan arewacin Kano su shiga wani irin motsi da ba a ganinsa da damina. Manomi ya sayar da gyaɗa da wake ya ga kuɗi a hannu, sai a tuna da auren da aka ɗage tun bazara. Makarantun boko sun tashi hutun ƙarshen shekara. Ɗan da ke neman abinci a Legas ko Fatakwal ya ce bari ya leƙo gida ya gaida tsofaffi. A mako guda mutum yana iya karɓar goron gayyata uku: ɗaurin aure a nan, suna a can, saukar karatu a wancan gari. Babu mai ja da alherin da ke cikin wannan. Sada zumunci umarni ne na Allah Maɗaukakin Sarki, yanke shi kuwa yana cikin manyan laifuka, Bahaushe ma ya ce zumunta a ƙafa take. Abin da ke buƙatar a tsaya a duba shi ne yadda ake yin tafiyar, da kuma wanda nauyin ganin an je an dawo ya hau kansa.

Ƙasar Bagwai ta isa misali. Yanki ne na manoma, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, daga Gadanya zuwa Kiyawa, daga Romo zuwa Rimin Dako, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da suruki ko ɗan'uwa a gari na gaba. A tsakiyar wannan yanki ne madatsar ruwa ta Watari take, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 aka kammala a 1980, cikin jerin madatsun da gwamnatocin Kano suka yi don noman rani. Madatsar ta kawo albarka, ba a musun haka. Ga tumatir da albasa da shinkafa, ga kifi. Sai dai ruwan da aka tare ya kwanta a tsakanin dangi. Mutumin Badau da ke son zuwa garin Bagwai yana da zaɓi biyu, ko ya zagaye ruwan ta hanya mai nisa, ko ya biya kuɗin fito ya shiga kwale-kwale. Talaka kuwa kowa ya san wanda zai zaɓa.

Ranar Talata 30 ga Nuwamba, 2021, wadda ta zo cikin watan Rabi'us Sani na 1443, da yamma, wani kwale-kwale ya taso daga Badau ya nufi Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, yara maza da mata 'yan shekara 8 zuwa 15, an yi masu ado za su halarci taron Maulidi. Jami'an kashe gobara na jihar Kano sun bayyana cewa jirgin na manya 12 ne, amma mutanen da aka zuba masa sun kai kusan 50. Bai kai gaɓa ba ya kife. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 7 ba. Kafin a kwana biyu an tabbatar da gawa 29, sannan aka ci gaba da tsamo wasu a kwanakin da suka biyo baya. Ɗan'uwa matashi mai karanta wannan ya ɗan tsaya ya yi lissafi. Manya daga cikin yaran nan, da Allah ya yi masu tsawon kwana, yau sa'o'insa ne, da su za a tsaya sahu ɗaya a masallacin Juma'a.

Abin da ya ƙara wa wannan masifa ɗaci shi ne ba ita ce ta farko ba. A shekarar 2008, a wannan ruwan dai, jirgi ya kife da 'yan rakiyar amarya, gomman mutane suka riga mu gidan gaskiya, gidan biki ya koma gidan makoki a yini guda. Shekara 13 ke tsakani. Wato yaron da aka haifa a shekarar haɗarin farko ya isa shiga jirgin haɗari na biyu. Wancan karon biki ne, wannan karon taron addini, ruwa kuwa bai tambayi kowa inda za shi ba. Don haka masu neman mayar da irin wannan rashi hujjar sukar taron wasu, su ji tsoron Allah su bari, domin gobe ayarin nasu taron ne zai zo bakin mashigi.

Ya kamata matasa su fahimci yadda jirgi ke kifewa, saboda akwai wani lissafi na yaudara da ake yi a bakin ruwa. Sai a ce ai yara ne, ba su da nauyi, uku a bakin babba ɗaya. To ko an karɓi wannan lissafin, yara 40 sun wuce manya 12. Kuma ba nauyi kaɗai ake dubawa ba. Jirgin da aka cika yakan nutse har bakinsa ya kusa daidaita da fuskar ruwa, abin da ya rage bai fi taƙi guda ba. A wannan hali ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta watso ciki. Da ruwa ya taɓa ƙafa sai yara su firgita su miƙe tsaye, su karkata gefe ɗaya, kuma wannan karkatar ita ce ƙarshen magana. Babban da ya saba shiga jirgi ya san ya zauna ya daidaita jikinsa. Yarinya 'yar shekara 9 ba ta san wannan ba, abin da ta sani shi ne ta riƙe na kusa da ita, na kusa da ita ma ya riƙe wani. Ko gwanin iyo ne, in mutum uku suka cafke shi tare za su tafi.

A nan ne yanayin hunturu ke shigowa. A ƙarshen Nuwamba madatsa cike take da ruwan daminar da ta wuce. Rana tana faɗuwa a Kano wajen ƙarfe 6, duhu kuma ba ya jira. Ayarin da ya taso bayan la'asar sakaliya, in wani abu ya faru, masunta da masu ceto da tocila za su yi ta lalube. Iska tana kaɗa fuskar ruwa, hazo yana rage gani. Ga sutura: rigar sanyi a kan riga, hijabi har ƙasa, babbar riga ta zuwa biki, duk da sun jiƙe sai su nannaɗe mutum su hana shi motsi. Ruwa kuma yana zuƙe ɗumin jiki ninki fiye da 20 a kan yadda iska ke yi, shi ya sa ko wanda aka tsamo da rai, in aka bar shi da jiƙaƙƙun kaya cikin iskar dare, bai tsira ba tukuna. A cire masa su, a lulluɓe shi da busasshen bargo, a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.

Mahukunta suna da nasu kason, kuma babba ne. Wanda ya tare ruwa ya raba gari da gari, shi ke da alhakin samar wa mutane hanyar haɗuwa. Bayan haɗarin 2021 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta dakatar da jigilar fasinja a ruwan, ta ba da motocin bas, ta yi alkawarin sababbin jirage, ta kafa kwamitin bincike. Madalla. Amma shin sai an jera gawarwaki 29 kafin a san cewa akwai mutane a tsallaken ruwa? Shin bas biyu da jirgi uku sun fi ƙarfin baitulmalin Kano tun 2008? Kuma ba Kano kaɗai ba ce. A watan Mayun 2021, watanni shida kafin na Bagwai, jirgi ya dare da mutane sama da 100 a kogin Kwara kusa da Warrah ta jihar Kebbi. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi ta jihar Kwara, masu dawowa daga biki cikin dare. A daren 1 ga Oktoba, 2024, wani jirgin ya kife kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa ta jihar Neja, da ayarin masu Maulidi, gommai suka rasu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta sha nanata cewa an hana tafiyar dare, an hana lodi fiye da ƙima, kuma dole kowane fasinja ya sa rigar kariya. Doka ce mai kyau a takarda. Amma a mashigin ƙauye, da ƙarfe biyar da rabi na yamma, jami'i nawa ke tsaye?

Babu ko ɗaya a mafi yawan lokuta. Wanda ke tsaye a wurin matashi ne. Shi aka aika ya nemo mota. Shi ya yi ciniki da mai jirgi. Shi ke ɗaga yara yana miƙawa ciki, shi ke cewa a matsa a gyara akwai wuri. Sau da yawa ma shi ne matuƙin, ko yaron mota, ko mai babur ɗin da aka ɗora wa inna da goyonta da 'yan mata biyu da fanteka. Dattawa suna zaure suna karɓar baƙi, mata suna kan tukunya, harkar kai da kawowa kacokan a hannun samari take. Wannan amana ce, ko an kira ta da sunanta ko ba a kira ba.

Me ke hana matashi ya ce ya isa haka? Ba jahilci ba ne kullum, domin idonsa na ganin yadda jirgi ya lotsa. Kunya ce. Yaya za a yi ya ce wa gwaggo ta sauko ta jira sawu na biyu? Yaya zai dubi ƙanin mahaifin amarya ya ce, Baba, ku yi haƙuri motar nan ta cika? Yana tsoron a ce yaron nan ba shi da kara, ko a ce tun da ya fara zuwa karatu ya fara ɗaga wa manya murya. Ga kuma yaran kansu, wanda aka ce ya sauka zai ɓarke da kuka don an raba shi da abokansa. Sai zuciya ta yi taushi, a ce to shiga, Allah ya kiyaye. Kunya hali ne na mumini, amma kunyar da addini ya yaba ita ce mai hana mutum aikata ɓarna. Wadda ke rufe bakin mutum yana kallon ɓarna tana ƙulluwa, rauni ce da aka sanya wa rigar ladabi. Kuma ana iya faɗar gaskiya cikin girmamawa. Matashi ya durƙusa ya ce, Baba, a gafarce ni, ni aka ɗora wa wannan aiki, ina roƙon alfarma a bar mutum goma su jira, ni zan tsaya tare da su, kuɗin sawu na biyu kuma a wuyana. Dattijo mai hankali ba zai ƙi ba. In ma ya ji haushi, haushin na kwana biyu ne.

Sai kuma kalmar da ake rufe kowane lissafi da ita: ƙaddara. Imani da ƙaddara rukuni ne, babu wanda zai mutu sai kwanansa ya ƙare, kuma wannan ne ke sanyaya zuciyar uwar da ta rasa 'ya'ya biyu a yamma ɗaya. Amma ƙaddara ta'aziyya ce ga wanda abu ya riga ya faɗa wa. Ba a taɓa ba da ita lasisi ga wanda yake shirin yin ganganci ba. Manzon Allah (SAW), wanda babu mai kama ƙafarsa wajen tawakkali, da zai yi hijira sai da ya tanadi abin hawa da guzuri, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, ya fara nufar kudu alhali Madina na arewa, ya kwana uku a kogon Saur har nema ya lafa. Shi ne kuma ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Wani abin da ya fi dacewa da wannan lokaci: ya tabbata cewa a daren tsananin sanyi ko ruwan sama, a halin tafiya, yakan sa ladan ya sanar da mutane su yi salla a masaukansu. To in jam'i, da duk falalarsa, an yi rangwame a kansa saboda yanayi, wane kai amarya ne ba za a iya ɗage shi zuwa hantsin gobe ba? Wane taro ne ladansa zai ragu don rabin ayari sun iso bayan an buɗe da addu'a?

Abin da aka faɗa game da ruwa, haka yake a kan kwalta. Ƙurar hunturu tana tasowa ne musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, inda ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura. Kwana ɗaya ko biyu iska ta kawo ta ƙasar Hausa. In ta yi kauri, gani yakan ragu zuwa 'yan ɗaruruwan mita, da asuba da magariba kuma abin ya fi muni. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowane sakan. Direban da ya fito daga bayan tirela zai wuce ta a hanyar Kano zuwa Bichi, cikin hazo, da wata motar na tahowa da irin gudunsa, tazarar mita 200 ba ta kai masa sakan huɗu ba. Ƙara da lodi: Golf mai cin mutum biyar an danna mata tara, but a buɗe an ɗaure da igiya, birki kuwa ba a yi shi don wannan nauyin ba. Ƙara da ayarin samari a kan babura suna rakiyar ango, suna tsere, suna kwanciya a kan tanki, idanu na hawaye saboda ƙura da sanyi. Ƙara da wanda ya taso daga Legas ya kwana biyu a zaune don ya riski ɗaurin aure ƙarfe 11, shi da direban da ke tauna goro yana korar barci. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 tana shelar watannin ƙarshen shekara duk shekara, amma ita ma ba ta cikin motar. Wanda ke zaune a gidan gaba kusa da direba, yana kallon allurar gudu, shi ne mai bakin magana.

Akwai abin lura a nan. Duk hunturu ana soke tashin jirage ko a jinkirta su a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano saboda hazo. Manyan mutane da malum-malum su zauna su yi ta duba agogo, wasu su koma gida. Ba a taɓa jin an ce matuƙin jirgin ba shi da tawakkali ba. An koyi wannan ne da tsada: ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda, wanda aka karkato da shi Kano saboda rashin kyan yanayi a Legas, ya yi haɗari wajen sauka cikin iskar hunturu, mutum 176 suka rasu daga cikin 202, iyalansu na gida suna shirin taryar alhazai. A ƙasashen ƙanƙara ma haka abin yake. A makon Kirsimetin 2022 guguwar dusar ƙanƙara ta sa an soke dubban jirage a Amurka, aka hana tuƙi a birnin Buffalo, kuma duk da haka sama da mutum 40 suka mutu a yankin, wasunsu a cikin motocinsu. To in ran mai tikitin jirgin sama ya cancanci a jira hazo ya washe, don me ran ɗan manomin Badau ba zai cancanci jiran sawu na biyu ba?

Wannan magana za ta ƙara nauyi a shekaru masu zuwa. Shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka azumi da Salla suna ta gangarowa cikin sanyi. Ƙaramar Sallar 2025 ta zo a ƙarshen Maris. Ta 2030 za ta zo a farkon Fabrairu, ta 2033 kuwa a farkon Janairu, tsakiyar hunturu, kamar yadda aka yi a 1999 da 2000. Iyaye sun san wancan lokaci, samarin yau ba su san shi ba. Ke nan yawon Salla, da komawar 'yan ci-rani gida, da bukukuwan bayan kaka, da hutun makaranta, da cunkoson Kirsimeti a manyan hanyoyi, duk za su haɗu a makonni guda, a cikin hazo.

Ba sai an jira wata hukuma ba kafin a yi abin da ke hannu. A kowane ayari a sami mutum ɗaya sananne da aka ce shi ne mai ƙirga, kuma a faɗa a gaban dattawa tun a gida, domin in ya hana a san ba rashin kunya ba ne. Ya tambayi mai jirgi ko direba mutum nawa abin hawansa ke ci, tun kafin a yi ciniki, kuma a yi cinikin a kan sawu biyu in mutane sun fi, a sa kuɗin cikin lissafin biki kamar yadda ake sa na shinkafa da na rumfa. Mai jirgi yana cika jirgi ne don kowane kai kuɗi ne, in an biya shi sawunsa babu abin da zai sa ya yi gardama. Makarantar Islamiyyar da za ta fita da yara ta rubuta sunayensu, kowane babba ya san yaran da ke hannunsa, domin a bakin ruwan Watari har adadin waɗanda suka shiga jirgin sai da aka yi ta saɓani a kai. A sa lokacin tashi da hantsi ko bayan azahar. In rana ta yi ja ba a tashi ba, a kwana, ai gidan dangi ne. Ƙungiyoyin matasa da ke iya tara kuɗin lasifika da tutoci da kayan sarki na 'yan agaji, ba za su gaza sayen rigunan kariya 20 su ajiye a hannun Sarkin Ruwa ko mai unguwa ba. Waɗanda ke zaune kusa da madatsu kuma su koyi iyo wurin masunta tun da sauran ƙuruciya.

In an kwana, to a kula da ɗakin baƙi. Daren Disamba da Janairu a Kano sanyi yakan sauko kusa da digiri 10, sai a cika ɗaki da baƙi, a shigo da kaskon garwashi, a toshe taga da tsumma a ja ƙofa. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba marar launi marar wari, mai barci ba ya jin ta, daga barcin yake wucewa. Haka janareto in an tashe shi a soro ko a bakin taga. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar wata kafa a buɗe. Wannan ma aikin samarin gida ne, domin su ne na ƙarshen kwanciya a daren biki.

Allah ya jiƙan yaran Badau da waɗanda suka rasu tare da su, da 'yan rakiyar amaryar 2008, ya ba iyayensu haƙurin rashi.